Gem Ɗin Baba da Mai Sola

Ku yi haƙuri 'yan uwa, yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Ku matso kawai in amayar muku da abin da ke cina, don in na bar shi a ciki zai zame min ciwo. Kuma ina roƙon arziki tun yanzu, kada wadda ta yi min dariya in ta ji a kan me budurwa kamata, mai aikin yi, ta yini gabanta yana faɗuwa. A kan gem ne. Eh, gem ɗin da kuka sani, na dannawa a hannu.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, bari in ɗan koma baya. Babana mai gyaran agogo ne. Na tashi ina ganinsa da gilashin nan mai ido ɗaya maƙale a fuska, yana tsintar ƙusar da ni ko ganinta ba na yi. Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Aka yi zaman asibiti aka dawo gida, hannun dama ya kwanta a cinya kamar ba nasa ba, harshe ya yi nauyi. Amma ba wannan ya fi karya mana zuciya ba. Baba ya daina magana, ba don ba zai iya ba, sai don ba ya so. Ya sa aka juya masa kujera ta kalli bango. Agogon falo ya tsaya, Mama ta ɗauko batir, ya girgiza kai, dole ta mayar.

Ana cikin haka Mai Sola ya shigo gidanmu. Sunan da na sa masa ke nan a waya, kuma har yau ban canza ba. An kira shi ne ya haɗa mana sola saboda fankar Baba. Dogo ne, shiru-shiru, kullum da abin gwada wuta a aljihun gaba, takalminsa duk ƙurar saman rufi. Ranar da ya gama aikin ya zauna a falo yana jiran batir ya ɗauki caji, sai ya zaro wata 'yar na'ura daga jakar kayan aikinsa, faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, ya fara dannawa.

Ni da nake leƙe ta bayan labule na ce a raina, ji ƙaton banza da wasan yara.

Ashe ba irin na tsere da harbe-harbe ba ne. Labari ne ake tafiya a cikinsa. Wani saurayi ne da takobi yake bin gari gari, yana tara abokan tafiya, a yi masa magana kai ka zaɓa masa amsa. In an zo faɗa ma ba gaggawa, ka kai duka, ka jira abokin gaba ya kai nasa, sannan ka zauna ka yi tunani son ranka. 'Yar kiɗar da ke tashi ce ta sa Baba ya waigo. Ya kalla, ya kalla. Can sai muka ji muryar Baba.

"Ba... ta nan ba. Bi hagu."

Kofin da ke hannun Mama ya faɗi. Ni kuwa na toshe baki da mayafi na yi ɗaki, na yi kuka har na gode Allah.

Tun daga ranar, in la'asar ta yi za ka ji babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya ɗora na'urar a kan filo a cinyar Baba, Baba yana dannawa da babban yatsan hagu, shi yana karanta masa abin da mutanen ciki ke cewa. Kujera ta juyo ta bar bango. Baba ya koma neman shayi da bakinsa, har faɗa yake yi in an cika sukari. Suka ƙetare daji, suka shiga kogo, suka sami wata mai magani da wani tsohon maharbi suka shiga ayarinsu. Yanzu sun iso wajen wani dodo da ya tare gada, shi ne na ƙarshe, kuma an kwana biyu yana ta kayar da Baba.

To, kun dai san inda labarin ya nufa. Wata rana da safe ina wurin aiki, a kantin maganin da nake tsare kanta, saƙo ya shigo.

*Ina kwana. Ina da magana amma bakina ba ya iya ta. Ina sonki. In kin ba ni dama zan turo manya. In ba ki ba ni ba, ba zan fasa zuwa wajen Baba ba.*

Na ce ya ba ni lokaci. Ya ce ba komai. Bai sake tayar da maganar ba, sai dai kullum da safe, *Kin tashi lafiya? Ya jikin Baba?* Shi ke nan. Mutumin nan ko 'yar fulawar da samari ke turowa bai iya ba.

Kuskurena da na gaya wa Mama. Tun ranar ban sake shan ruwa da daɗi a gidan nan ba. Yau da safe ma ina gaban madubi ina ɗaura ɗankwali, cikin doguwar rigata ruwan toka ta zuwa aiki, ta shigo ta zauna a bakin gado tana ninke kayan da an riga an ninke.

"Auta, har yanzu ba ki ba yaron nan amsa ba?"

"Mama, ina tunani ne."

"Tunanin me? Aibinsa kika gani?"

"Ban gani ba."

"To me? Yaron da ya ta da miki uba daga zaune? Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

A raina na ce danƙo ne kuwa, ga shi ya manne min na kasa motsi. A fili na ci gaba da neman ɗan kunne.

Ta rage murya. "Ki duba min nan. In kika ce ba kya so, da wane ido zai ci gaba da shigowa? Cewar da ya yi ba zai fasa zuwa ba, faɗa kawai yake yi. In ya ɗauke ƙafa, Babanki bango zai koma. Ni ba zan iya sake ganin wannan ba, wallahi ba zan iya ba."

Idonta ya kawo ruwa. Ba tilasta ni take yi ba, tsoro ne ya cika ta, kuma irinsa ne a cikina.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku. Ban san ko ina sonsa ba. In na ji babur ɗinsa gabana yana faɗuwa, amma na rasa gane ko so ne, ko murnar Baba zai yi dariya. In na ce eh, ina tsoron in wayi gari a gidansa in gane godiya na aura. In na ce a'a, na kashe ubana da raina. Gaba kura baya sayaki. Kuma shi kansa bai cancanci a ba shi mace a matsayin tukwici ba.

Sai dabara ta zo min. In na sayi irin na'urar da irin katin gem ɗin da kuɗina, Baba ya sami nasa na kansa, ni zan zauna in karanta masa. Daga nan ba wanda ke riƙe da wani. In na ce eh, daga zuciyata ne, in na ce a'a, Baba bai rasa komai ba.

Da wayo, wai ni mai dabara, na tambayi Mai Sola inda ya sayi tasa. Ya kwatanta min wani shagon wayoyi a bayan layin masu gilashin ido. Na je shekaranjiya na duba na fito. Jiya na koma, na riƙe kwalin, na ajiye. Yau da aka ba ni hutun rana na sake saɓa jaka.

Shagon ɗan ƙarami ne, wayoyin caji sun sauko daga sama kamar igiyar shanya, fanka tana juyawa tana ƙara. Mai shagon wani mai tumbi ne da surutu kamar rediyo. Yana ganina ya washe baki.

"Hajiya ta gem! Yau dai za a ɗauka ko kallo za a ƙara?"

"Fito min da shi in sake gani."

Ya buɗe gilashi ya ajiye min kwalin da ɗan katin a kai. Hoton saurayin mai takobi yana jiki, ga gadar can a bayansa.

"In na saya, daga inda Babana ya tsaya zai ci gaba ko?"

"Ina! Sabo ai daga farko yake tashi. Duk tafiyar da aka yi tana cikin waccan na'urar. Nan ba daji, ba kogo, ba abokan tafiya. Yaro zai farka a ɗakin uwarsa ko takobi babu."

Wato mai maganin nan da Baba yake ji da ita, da tsohon maharbin da yake cewa ya yi kama da amininsa, duk sai a sake nemo su? Mutumin da ya rasa hannu, ya rasa sana'a, in zo in ce masa wannan tafiyar ma ka koma farko? In ya ture filon fa? In kuma ba gem ɗin yake so ba, zaman yaron yake so? Ni in na karanta masa, muryata za ta yi masa daɗi kamar tasa?

Waya ta yi ƙara a jaka. Mama ce ta turo saƙon murya. Na kara a kunne.

"Auta, Gwaggonki ta kira, ta ce ranar hutu za ta zo ta ji daga bakinki. Ki shirya abin da za ki gaya mata, ni na gaji da kare ki."

Wanda ya san Gwaggo, yayar Baba, ya san ba a yi mata "ina tunani". Sai ta zauna a kanka har ka haifi amsa.

Na ajiye kwalin. Na ɗauka. Na tambayi ko batir ɗinsa yana daɗewa, ya ce yana daɗewa. Na tambayi ko rubutun yana da girma, ya kunna ya nuna min. Na tambayi ko akwai wani launi, alhali ba ruwana da launi. Wata mata da ta zo sayen abin jin sauti na kunne ta gama ta tafi ina nan tsaye. Wata zuciyar tana cewa, wannan cin amana ne, mutum ya yi muku rana ke kina shirin yi masa dare. Wata tana cewa, in ba ki saya ba, ranar hutu za ki ce eh, kuma har ki mutu ba za ki san dalili ba.

Wannan ta biyun ce ta yi nasara. Na rufe ido na ce, "Sa min a leda."

Na biya da abin da nake tarawa don canza waya. Yana ɗaure ledar yana zuba.

"Kin yi dabara. Ai jiya da yamma mutumina ya zo, dogon nan mai haɗa sola, shi kaɗai ke sayen irin wannan a wajena. Na ce masa ka yi abokiya, ga wata 'yar kantin magani tana ta zarya a kan irin naka sak, wai na babanta ne mai shanyewar jiki."

Jama'a, ƙasa ta juya min.

"Ka... ka gaya masa?"

"Eh mana. Laifi ne?"

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya ɗan tsaya, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya fita. Ko wayar da ya zo saya bai ɗauka ba."

Na shiga uku. Ni da bakina na zayyana wa mai rediyon nan ciwon Baba, ni da ƙafata na zo shagon da shi ya kwatanta min. Sai a lokacin na tuna, yau da safe ba a turo *Kin tashi lafiya* ba. Na duba wayar. Babu. Na sake dubawa kamar zai tsiro.

Yadda na ƙarasa aikin yau, Allah kaɗai ya sani. Wani ya ce maganin tari na miƙa masa na ciwon kai, sai da ya ce, "Baiwar Allah, lafiya?" Na rubuta *Don Allah ka saurare ni*, na goge. Na rubuta *Ba yadda kake zato ba ne*, na goge, don yadda yake zato ɗin ne. Ana tashi na tari abin hawa, ledar tana cikin jaka ina jinta kamar garwashi.

Ƙofar gida ba babur. Sai sawun taya a ƙasa, ya shigo ya juya.

Na yi sallama na shiga. Mama tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, kallon da ta yi min ya ishe ni bayani.

"Ya zo da wuri," ta ce. "Ko zama bai yi ba. Ya durƙusa ya gaida Babanki, ya ba shi abin gem ɗin, ya ce kyauta ce. Ya ce aiki ya yi masa yawa, zai kwana biyu bai leƙo ba. Me kika yi masa, Auta?"

Kafin in buɗe baki waya ta yi ƙara. Shi ne.

*Na ji kina neman irin tawa. Na gane dalili, kuma kina da gaskiya. Na bar wa Baba, da duk tafiyarsa a ciki, ba sai ya koma farko ba. Ba na so a ba ni ke don an ji nauyina. Yanzu ba ki da bashina. Ba zan sake zuwa ba sai in ke kika kira ni.*

Abin da nake nema ke nan, ko ba haka ba? 'Yancin da na yini ina saye ga shi an ba ni kyauta. To me ya sa na ji kamar an zare min laka? Me ya sa falon ya yi min faɗi, kujerar robar da yake zama a kai ta tsaya min a ido?

"Uwata."

Haka Baba yake kirana. Yana zaune a kujerarsa, filo a cinya, na'urar a kai. Ya yafito ni da hannun hagu. Na je na durƙusa a gefensa.

"Me ke... cikin jakar?"

Ƙarya ba ta zo min ba. Na fito da ledar na buɗe. Ya kalli sabon kwalin, ya kalli tsohuwar na'urar da duk gefenta ya goge, sai kafaɗarsa ta fara rawa. Dariya yake yi, da rabin bakinsa mai motsi.

"Gida ɗaya... gem biyu. Mun yi arziki."

"Baba, ka yafe min. Ni na kore shi."

"Zauna. Kalli nan."

Ya kunna. Ga gada, ga dodon ya cika ta, baƙi ƙirin da ƙahoni. Dodon da kullum nake ji daga ɗaki Mai Sola yana cewa, "Kash, Baba, saura kaɗan, gobe ma rana ce." Baba ya sa yatsa. Bai kai duka ba, ya sa mai magani ta yi wani abu. Ya jira. Ya sa maharbi ya harbi ƙahon hagu. Ya sake jira, fuskarsa irin ta lokacin da yake kan agogo. Sannan ya saki saurayin da takobi. Dodon ya yi ƙara ya zube cikin ruwa. Ko shayin da ke gefensa bai huce ba.

Na saki baki. "Baba! Dama ka iya?"

"Tuntuni... na gano lagonsa."

"To me ya sa kake bari yana kayar da kai?"

Ya ɗauki lokaci yana haɗa kalmomin.

"In na kashe shi... gem ya ƙare. In ya ƙare, me zai kawo yaron?" Ya kalle ni. "Ciwo gare ni, ba makanta ba. Wa ke canza mayafi... in la'asar ta yi? Wa ke fesa turare... don ta kawo min shayi?"

Kunya ta rufe ni, na cusa fuska a hannun kujera. Daga ƙofar kicin na ji Mama ta ce, "Ikon Allah."

Ya ɗora hannunsa mai lafiya a kaina. "Kina zaton... shi yake riƙe da ni. Ni nake riƙe miki shi. Da hannu ɗaya, Uwata. Na gaji." Ya numfasa. "Kada ki aure shi don ni. Bango... na bar shi. In kina so, ki kama. In ba kya so, ki saki. Amma ke za ki yi."

Na tashi na shige ɗaki na rufe ƙofa. Na zauna a bakin gado da rigar aiki a jikina, na kalli sunan nan, Mai Sola, har ya dushe min saboda hawaye. Ba Gwaggo a raina, ba Mama, ba gem. Abu ɗaya kawai na iya tunawa, gobe la'asar za ta yi ba babur, jibi ma haka. A nan na sami amsar da na yi ta nema.

Na danna kira. Ta yi ta ringi har na fid da rai, sannan ya ɗauka. Ina jin iska, da alama yana saman wani rufin.

"Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Baba lafiya lau."

"Solar ce ta ɗauke?"

"Tana aiki."

"Gem ɗin ne ya ƙi?"

"Gem ya ƙare. Baba ya kashe dodon."

"To... me ya faru?"

Na runtse ido. "Ba abin da ya lalace a gidan nan. Ni ce nake kiranka."

Na duba wayar ko layin ya yanke. Can ya ce, "To." Ya kashe.

To! To ɗin me, jama'a? To na ji, ko to ina zuwa, ko to kin makara? Shi ya sa na zauna nake rubuta muku, don in ban ba yatsuna aiki ba zan cinye farcena. Na canza mayafi, na cire, na mayar. Daga falo ina jin Baba yana ce wa Mama ta sauko masa da agogon bango ta kawo batir, wai yana so ya ga ƙarfe nawa yaron zai iso.

Babura suna ta wucewa a layi, kowanne sai gabana ya faɗi. Ga wani nan ya rage gudu.

Ya tsaya a ƙofarmu.